Gidan Da Ya Dace Da Jitar Mai Yawon Wasa

Tsirkiyoyi shida na jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyanta da fuskarta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70, wani lokaci ma fiye. Katakon fuskar da ke jure wannan ja da ƙyar yake kai kaurin milimita 3, kuma gam ne ya riƙe jakin da tsirkiyoyin suka kama. Haka take dare da rana, ko ana kaɗa ta ko tana jingine a lungu. Tana ɗauke da kayanta tun kafin ka fita da ita daga ɗaki, shi ya sa ɗan bugun da ba zai yi wa kujera komai ba yake iya tsaga ta. Duk da haka, yawancin masu sayen jita suna ƙarar da kuɗinsu kaf a kanta, su karɓi 'yar jakar yadin da mai shago ya ba su gyara, su rataya, su hau acaɓa. Wannan jakar ƙura kawai take tarewa, ita ma ba duka ba.

Ga wanda jitarsa ba ta barin ɗaki, wannan ba abin damuwa ba ne. Maganata da kai ce mai yawon wasa: yau biki a unguwa, jibi taro a wani gari, wani kuma Lahadi coci, wata rana in Allah ya buɗa hanya a hau jirgi. Kafin ka tambayi kuɗi, kafin ka duba sunan kamfani, ka fara tambayar kanka abu ɗaya: idan na fita da ita, hannun wa za ta shiga? In daga ƙofar gidanka har wurin wasa tana bayanka ko kan cinyarka, jaka mai kyau ta ishe ka. In kuwa akwai inda za ka miƙa ta ga kwandasta, ko ɗan dako, ko yaran da ke loda lasifikoki a bayan mota, ko ma'aikacin filin jirgi, to akwati mai tauri kake buƙata, babu ja. Ba mugunta ke sa su wurgar da kaya ba. Ba su san abin da ke ciki ba ne, kuma sauri suke yi.

Mu fara da jaka, domin ita ce abokiyar tafiyar yawancinmu. Mutane suna raina ta saboda irin wadda suka saba gani, alhali jaka mai kyau wata aba ce daban. Ka matsa sosonta tsakanin babban yatsa da manuniya. In yatsunka suka haɗu cikin sauƙi, ajiye ta. Wadda za ta yi maka aiki tana da soso mai tauri da kaurinsa ya kai milimita 20 zuwa sama, kuma idan ka tsayar da ita babu komai a ciki, tana tsayawa da kanta, ba ta zubewa ƙasa. Ka buɗe ka duba wurare biyu. Na farko inda wuya ke kwanciya: ya zamana akwai matashi da ke tallafe shi, da maɗaurin da ke riƙe shi wuri ɗaya. Kamfanin Mono ya yi suna a kan jakunkunansa na M80 saboda wannan matashin, kuma wasu da yawa sun bi sahu, har da masu sauƙin kuɗi. Na biyu shi ne gindin jakar, inda maɓallin rataye igiya yake. Duk lokacin da ka dire jaka a tsaye, wannan maɓallin ne ke fara cin ƙasa, kuma in bugun ya yi ƙarfi sai ya shige ciki ya tsaga gindin jitar. Jaka mai kyau tana da ƙarin soso a nan, da roba a waje. Sai zif: ya zama babba mai manyan haƙora, kuma a ciki akwai leɓen yadi da ya raba shi da jikin jitar don kada ya kankare fenti. Sai ɗinkin igiyoyin goyo da na hannu. Ka ja su da ƙarfi a gaban mai shago. Jakar da igiyarta ta tsinke kana kan babur ta gama da kai.

Mai goya jita yana mantawa da cewa kanta ya ɗara nasa kan tsawo. Ƙofar zaure, rufin adaidaita sahu, fankar sama a ɗakin shiri, duk suna jiran wannan kan. Ka saba da sauke ta ka riƙe a hannu kafin ka shiga ko'ina. Sannan ka sani ba duka jitoci ne ke da juriya ɗaya ba. Ta lantarki irin Fender Stratocaster, mai jikin katako cur da wuyan da aka ɗaure da kusoshi huɗu, tana shan wahala ta tashi lafiya. Irinta ce ta fi yawa a hannun makaɗan Agadez, waɗanda suka yi suna daga wasannin biki kafin duniya ta san su, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kayan aiki ne da ke jure hanyar sahara. Ta katako mai rami a ciki kuwa, ko a jaka mafi tsada, in aka ɗora mata buhu ko wani ya zauna a kai, ta tafi. Soso yana shanye bugu, amma ba ya hana dannewa.

Nan ne aikin akwati yake. Sai dai shi ma suna ya tara. Akwai wanda kwali ne aka lulluɓe da baƙar leda, da ganinsa ka ce akwati ne, amma in ka danna murfin da tafin hannu sai ya lotsa. Wannan bai fi jakar gyara ba, ni a wajena ma ya fi ta haɗari, domin yana sa ka saki jiki. Sai na katakon fulawud, wanda shi ne aka fi sani: mai falle uku ya yi wa zirga-zirgar cikin gari, mai falle biyar ya fi ƙarfi. Ka duba murfin. Wanda ya ɗan yi tozo a tsakiya ya fi shimfiɗaɗɗe jure nauyi, kuma yana barin sarari tsakaninsa da jaki. Nauyin irin wannan akwati yakan kai kilo 4 zuwa 5, ban da jitar, kuma hannu ɗaya ne ke ɗauka. Ka yi wannan lissafi da kyau in kana taka ƙafa mai nisa, domin na ga mutane da dama sun sayi akwati mai kyau, ya dame su da nauyi, suka jingine shi a ɗaki suka koma wa tsohuwar jaka.

Sai na roba mai tauri da aka zuba a mazubi, irin waɗanda SKB da Gator na Amurka da Hiscox na Ingila ke yi. Bai cika kai na katako nauyi ba, ruwa ba ya jiƙa shi, gara ba ta ci, kuma yawanci bakinsa yana da ƙarfen alminiyam da ke haɗa murfi da ƙasa su shige cikin juna. Hiscox suna cewa nasu yana jure dannawar kilo 500, kuma tsakanin robar da yadin ciki akwai kumfa mai tauri da ke rage saurin shigar zafi. Ga mai yawo a motar haya tsakanin garuruwa, wannan nau'in nake fara nuna wa mutum. Akwai kuma na tsakiya, wanda kumfa ce mai tauri aka sa wa rigar yadi da zif da igiyar goyo: ba shi da nauyi, yana tare zafi sosai, ya fi jaka kariya, amma kada ka ba da shi a loda. Can sama akwai na zaren gilashi ko na kabon, irin na Calton, wanda kuɗinsa ya fi na yawancin jitocin da ke hannun mutane, sai dai ƙwararren da jirgi ya zame masa motar haya. Na ƙarshe shi ne babban akwatin nan mai kusurwoyin ƙarfe da ake gani a bayan dandamali. Masu inganci ana yin su ne bisa ma'aunin ATA 300 na kamfanonin jiragen Amurka, wanda matakinsa na farko ke nufin akwatin zai jure tafiya da dawowa sau 100. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma shi kaɗai yana iya haura kilo 10. In ba ƙungiya gare ku mai motar kaya ba, ba naka ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Akwati komai taurinsa, in jitar tana motsi a ciki, bai kare ta ba. Idan akwati ya faɗi, shi yana tsayawa a ƙasa nan take, amma abin da ke ciki yana ci gaba da tafiya har sai ya bugi bango. Sau da yawa a buɗe akwati babu ko ƙwarzane a jikinsa, a tarar da jita a karye. Dole ta zauna a ciki kamar wuƙa a kubenta. Don haka kada ka sayi gidan jita da ido, ko da hoton waya. Ka tafi da jitarka shagon. In ba zai yiwu ba, ka auna ta da tef: tsawonta daga kai zuwa gindi, faɗin ƙirji, faɗin ƙugu, faɗin mazaunai, da kaurinta har da jaki. Babbar jitar katako da aka fi sayarwa tana da faɗin kusan santimita 40 a ƙasa da tsawon kusan 104. Mai tsirkiyar roba, irin Yamaha C40 da ake koyo da ita, ta fi ƙanƙanta, faɗinta wajen santimita 37 ne. Bambancin santimita 3 bai yi kama da wani abu ba a baki, amma a cikin akwati fili ne babba. Ka sa ta, ka rufe, ka ɗaga akwatin kusa da kunnenka ka girgiza a hankali, gefe da gefe, sama da ƙasa. In ka ji tana kai da komowa, bai yi ba. Sannan ka buɗe ka sake rufewa a hankali: murfin ya sauka da kansa ya ɗan taɓa ta da laushi. In sai ka danna da ƙarfi kafin makullai su kama, to jakin yake dannawa, kuma wannan dannawar ce za ta tsaga fuskar wata rana. Bahago kuma ya ƙara lura. Akwatin da aka zuba cikinsa da siffar jitar dama ba zai karɓi ta hagu ba, irin wadda makaɗi Mdou Moctar ke kaɗawa. Akwati mai kusurwa huɗu ya fi dacewa da shi, ya cike gefe da tsumma.

Wurin da jita ta fi karyewa shi ne bayan kai, daidai inda wuya ya ƙare. Nan katakon ya fi siranta, an kuma huda shi don sandar ƙarfen da ke miƙar da wuya, ga nauyin kunnuwan ɗaure tsirkiya a sama, ga jan tsirkiyoyin kansu. Jitocin Gibson irin su Les Paul, da duk waɗanda aka kwaikwaye su, kansu ya karkata baya da kusan digiri 17, shi ya sa suka yi ƙaurin suna wajen wannan karaya. Na Fender kansu miƙe yake da wuya, ba su cika yi ba. To ka duba yadda wuyan ya kwanta a akwatin. Ya kamata ya hau kan matashinsa sosai yayin da bayan jitar ke kwance a ƙasan akwati, duka biyu a lokaci ɗaya. In wuya ya hau matashi amma jiki ya ɗaga, ko jiki ya kwanta wuya yana lilo a iska, akwatin ba nata ba ne. Kan kuma kada ƙarshensa ya taɓa ƙasan akwati ko bangonsa. Ka zura yatsu ƙarƙashinsa ka tabbatar. Duk lokacin da za ka yi doguwar tafiya, ka cusa tsofaffin riguna masu laushi ko dunƙulen jarida a ƙarƙashin kan da samansa, har ya zamana in ka rufe murfi, kan ba shi da inda zai fizga. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma ya ceci jitoci fiye da tsadar akwati.

Ƙananan abubuwa ba sai na daɗe a kansu ba. Makullai su kai huɗu a akwatin jitar katako, ɗaya daga ciki a ɓangaren hinji. Hinji ya zama na ƙarfe da aka kafa da ƙusa mai ratsa katako. Ka ɗauki akwatin da jitar a ciki ka ga ko mariƙin yana tsakiyar nauyi, domin wanda ke rinjaya gaba zai riƙa dukan matakala da kai. 'Yar ma'ajiyar da ke ƙarƙashin wuya ta zama mai murfin da ke rufuwa gam. Batir ko makullin saita wuya da ya kuɓuce yana yawo a kan fenti tun daga Kano har Zariya zai bar maka zane. Igiyar rataya mai leda ko roba kuma kada ta kwana a jikin jita mai tsohon nau'in fenti irin na Gibson da Martin, domin tana narkar da shi.

Sai abokin gabar da ba ya bugu, ba ya ƙara, wato iskar ƙasarmu. Manyan masu ƙera jita irin su Martin da Taylor suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, Sakkwato, Damagaram ko Maraɗi, da rana a tsakiyar hunturu, yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana sakin ruwan jikinsa ya tsuke. Alamar farko ita ce ka ji bakin ƙarafan wuya suna kartar hannunka, domin katakon ya janye ya bar su a waje. Daga nan fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiya ta sauko tana zuza, in aka ci gaba da sakaci sai tsaga ta fito daga jaki zuwa gindi. Jitar da aka yi da falle-fallen katako, irin Yamaha F310, tana da haƙuri. Mai katako cur, wadda ta fi tsada ta fi daɗin murya, ita ce ke fara tsagewa. A nan akwati mai rufuwa ruf ya yi wa jaka nisa, domin yana riƙe iskarsa ta ciki, kai kuma kana iya gyara wannan iskar. Akwai ƙunshin Boveda da na D'Addario da ke ba da danshi in ya yi ƙasa su shanye in ya yi yawa, suna tsayar da shi wajen kashi 45 zuwa 50, sai dai a bushewa irin tamu suna ƙarewa da wuri. Wanda bai samu ba, ya nemi gidan sabulu na roba ya huda murfinsa, ya jiƙa sabon soso da ruwa mai tsabta, ya matse har ya daina ɗiga ko kaɗan, ya rufe, ya ajiye a wajen kan jitar inda ba zai yi yawo ba. Ka duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir ba shi da tsada, ka jefa ɗaya ciki ka daina kintace. Sharaɗin dai shi ne jitar ta koma gidanta da zarar an gama kiɗa. Rataye ta a bango daga Disamba zuwa Fabrairu ado ne mai tsada.

Bazara tana da nata sharrin. Idan zafin waje ya haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce 60, kuma a wannan zafin gam ɗin da ya riƙe jaki da wuya yana fara saki, ga kilo 70 na ja. Babu akwatin da zai hana wannan, jinkirta shi kawai yake yi. Baƙin akwati ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka in da zaɓi ka ɗauki mai haske, in babu ka ɗinka masa farar riga wajen tela. Kada ka bar jita a but ɗin mota ka shiga cin abinci ko salla, shiga da ita. In kuma ta sha zafi a hanya ka iso ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kada ka buɗe nan take. Ka bar ta a rufe ta huce a hankali, don sauyin gaggawa yana farfasa fenti. Da damina lamarin juyawa yake: fuska ta kumbura, tsirkiya ta yi nisa da wuya, ƙarfe ya yi tsatsa, yadin ciki ya fara warin fumfuna. Ka cire soson nan, ka sa ƙunshin ƙwayoyin shanye danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, amma manya. In ruwa ya dake ka, fito da jitar ka goge, ka bar akwatin a buɗe a inuwa ya sha iska har ya bushe sarai kafin ka mayar da ita.

A tasha, ka zo da wuri ka yi magana da direba da kanka. Abin da ya fi shi ne ta shiga ciki tare da kai, tsaye tsakanin ƙafafunka, kai sama. In jitar mai daraja ce kuma tafiyar mai nisa, kuɗin kujera ɗaya bai kai kuɗin gyaran wuya ba. In dole ta shiga but, ka tsaya har a gama lodi, a sa ta a ƙarshe, a saman kaya masu laushi. Saman mota shi ne mafi muni: rana na dukanta, ruwa na dukanta, sannan igiyar da ake ɗaure kaya da ita ana jan ta ne da ƙarfin ƙato biyu, tana iya lotsa murfin katako. A motar ƙungiya kuma, lasifika da janareta su fara shiga a ɗaure su tamau, jita ta biyo baya a tsaye a kan gefenta, mariƙi sama, inda in an taka birki ba abin da zai gangaro mata.

Jirgi kuwa, tun kafin ka sayi tikiti ka karanta ƙa'idar kamfanin a kan kayan kiɗa, domin kowanne da tasa. A Amurka doka ta tilasta wa kamfanonin ƙasar, tun daga Maris 2015, su bar fasinja ya shiga da ƙaramin kayan kiɗa irin jita, muddin akwai wuri a ma'ajiyar sama lokacin da ya hau. Ka lura da wannan sharaɗin: wanda ya hau a ƙarshe ba shi da hujja. A sauran wurare kuwa ra'ayin kamfani ne, wani lokaci ma ra'ayin wanda ka tarar a ƙofa. Don haka kada ka je filin jirgi da jaka kana fatan alheri. Ka shirya ta da zaton ƙarƙashin jirgi za ta shiga. Yawancin kamfanoni suna iyakance kaya a kilo 23 da jimillar tsawo, faɗi da kauri santimita 158, kuma akwatin babbar jitar katako yakan ɗan haura wannan, sai ka tambaya ko akwai ƙarin kuɗi. Ka roƙi a bar ka ka kai ta har ƙofar jirgi ka miƙa a can, don ta tsallake bel ɗin kaya. Game da sassauta tsirkiya, masu gyara sun rabu biyu. Ni ina ganin a ɗan sassauta kaɗan, kada a sake su gaba ɗaya, domin sandar cikin wuya tana ja ne ta ɗaya ɓangaren. Ka ɗauki hotonta a cikin akwati kafin ka rufe, ka sa sunanka da lambarka ciki da waje, ka zagaye makullan da tef don kada wani abu ya ɓalle su. In za ka Amurka kada ka kulle da makullin da jami'an bincike ba za su iya buɗewa ba, domin fasawa za su yi.

Da ka karɓe ta, buɗe a nan wurin, kafin ka fita. A 2008 wani mawaƙin Kanada, Dave Carroll, ya tarar an karya masa jitar Taylor ta dala 3,500 a tafiyar da ya yi da jirgin United ta Chicago. Kamfanin ya ƙi biya da hujjar bai kai ƙara cikin awa 24 ba, sai da ya yi waƙa a kan lamarin a 2009 miliyoyin mutane suka kalla a YouTube kafin aka saurare shi. Ba kowa ke da wannan hanyar ba. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce, kuma iyakar diyyar kaya tun ƙarshen 2024 ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2,000 ba, sai in ka bayyana darajar kayan tun farko ka biya ƙari.

To in kuɗin sabon akwati bai samu ba fa? Akwai gwanjo, kuma ana dacewa. Ka fara da hanci: wanda ke warin fumfuna bar shi, warin ba ya fita kuma zai kama jitar. Ka duba lungunan yadin saboda kuɗin cizo da kyankyasai, ka danna kusurwoyi ka ji ko katakon ya ruɓe. Makulli ko mariƙi da ya lalace ba matsala ba ne, ana canzawa. Akwai kuma kafinta, amma sai ka tsaya a kansa, don in ka bar shi akwatin kaya zai yi maka. Ka kwantar da jitar a kan kwali ku zana siffarta, ku ƙara santimita 2 zuwa 3 ko'ina saboda soso. Fulawud mai kaurin milimita 6 ya isa gefe da ƙasa, a ƙarfafa murfin da sanduna biyu a gicciye. Soson ya zama mai tauri irin na kujerar mota, na katifa mai laushi nutsewa yake yi har jita ta taɓa katako. A yi wa wuya matashi daga katako a lulluɓe shi, a bar wa kai rami mai zurfi, a shimfiɗa yadin auduga ko karan-miski a ciki. Bayan an gama, ka bar shi a buɗe mako ɗaya ko biyu har warin gam ya fita gaba ɗaya, domin tururinsa yana ɓata fenti.

Wanda ke wasa a cikin gari yana kuma fita waje, ƙarshenta gida biyu zai mallaka, jaka ta yau da kullum da akwatin tafiya. In ɗaya kawai za ka iya saya yanzu kuma jitarka ta katako ce, fara da akwati, ka sa baduku ya ɗinka masa igiyar goyo. Kuma ko minti ɗaya za ka mayar da ita ciki a wurin wasa, ka kama aƙalla makulli ɗaya, don wani zai zo ya ɗaga akwatin da niyyar taimako, murfi ya buɗe, ta faɗo a kan siminti. In kana tafe da shi a hannu, murfin ya kasance ta ɓangaren ƙafarka, yadda ko makulli ya ɓalle cinyarka za ta tare shi.